Ranar da Aka Sauke wa Maigida Amawali

Maigidana ya yi dariya. Na san wannan ba labari ba ne a gidan kowa, amma mu a gidanmu na Belbeji mun daɗe ba mu ga haƙoransa ba, don haka ku bar ni in faɗa, in sake faɗa.  Na zauna rubutawa ne saboda duk wanda yake da miji ko mahaifi da jikinsa ya fara nauyi ba a san dalili ba, kada ya bi doguwar hanyar da muka bi.

Sunana Habsu, sana'ata haɗa turaren wuta. Wurin kakata Babarbariya na koya, kuma ba yabon kai ba, amaren Belbeji da yawa da turarena aka kai su ɗaki. Maigida kuwa dillalin bisashe ne. Ranar kasuwa kana bakin tasha kana jiyo muryarsa daga wurin raƙuma, in ya yi dariya har awaki sai sun waiwayo. Shi ne kuma hancina. Duk sabon haɗin da na yi, sai na ɗora a kasko na ajiye kusa da shi, ya shaƙa, ya ce kajiji ya yi yawa, ko ya ce in ƙara sandal. Shekara talatin da ɗoriya muna haka, ban taɓa sayar da turaren da bai wuce ta hancinsa ba.

Ta hancin nan abin ya fara, ban gane ba. Wata rana na ɗora haɗin da na yi ta fama da shi, hayaƙi na shiga har cikin rawaninsa, na ce, "Yaya ka ji wannan?" Ya dube ni ya ce, "Wanne?" Na ɗauka tsokana ce. Da abin ya maimaitu sai na ɗauka raini ne.

Daga nan fuska ta biyo baya. Mutumin da ba ya iya riƙe dariya ko a wurin zaman makoki, sai ga shi in na ba shi labari ya zuba mini ido kawai, ko ƙiftawa ba ya cika yi. Murya ta yi ƙasa, sai ka matso kafin ka ji. Hannunsa na dama in yana zaune sai babban yatsa ya riƙa murzawa shi kaɗai, har abokansa na kasuwa suna yaba masa wai ya zama mai yawan tasbihi ko ba carbi. Tafiya ta koma jan ƙafa, gajerun taku, in ya iso ƙofar zaure sai ya kafe kamar an dasa shi. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskar. Na yi zaton ya gaji da ni ne, na yi kuka a madafa ba sau ɗaya ba, ina laluben laifin da na yi ban samu ba.

Mun fara da asibitin kusa da mu. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya auna jini ya ce tansiyo, wato awon hawan jini, lafiya lau, gajiya ce da shekaru, ya rubuta maganin ƙarin ƙarfi. Aka sha, ba canji. A nan ne Yaya Haruna, wan Maigida da ke riƙe da gidan gado a Gangara, ya zo ya karɓi ragamar jinya. Zan faɗi gaskiya a kansa: yana son ƙaninsa, kuma bai taɓa ƙin barin gonarsa don a je asibiti ba. Sai dai mutum ne da in ya buɗe baki ba ya barin wa kowa wuri.

Ga yadda muke kai Maigida wurin likita, ku lura da kyau, don a nan matsalar take. Mu a Damargu namiji mai shekaru ba ya fita sai da rawani, ya ja amawali ya rufe baki har karan hanci, kuma ba a barin dattijo ya yi tangaɗi a idon jama'a. To sai mu sa masa babbar riga, hannun mai rawa a cusa shi ciki, a naɗa rawani a ja amawali. In mota ta tsaya, maza biyu su kama shi ta hammata, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa, su dire shi a kujerar likita. Yaya Haruna ya tsaya a kansa yana amsa duk tambayar da aka yi. Ni kuma ina waje a kan benci, ina gadin buta da ƙunshin abinci. A wurinmu wannan sutura ce da girmamawa. Amma duk likitan da muka je wurinsa, abin da ya gani idanu biyu ne da bakin Yaya Haruna.

A Tanut aka ce ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ce, aka ba da magani, muka sha na wata guda. Wani likita kuma ya ce damuwa ce, ya ba da ƙwayar kwantar da hankali. Wannan ƙwayar ita ta fi ba ni haushi, don cikin sati biyu jikin ya ƙara sandarewa, har juyi a shimfiɗa sai na tura shi. A gida kuwa kowa likita ne. Aka sha rubutu, aka sha sassaƙe mai ɗacin da ni mai dafawa sai da na tofar. Wani Buzu abokin kasuwarsa ya riƙa aiko da nonon raƙumi, maƙwabciyata Bafulatana ta kawo man shanu a shafa a gaɓoɓi. Allah ya saka musu, ko bai yi magani ba ya nuna mana ba mu kaɗai ba ne. Tumakinmu kuwa suka bi hanyar asibiti ɗaya bayan ɗaya, har turke ya koma sai igiyoyi.

Da aka gaji sai aka ce a je Damagaram a yi hoton kai, wanda ake kira sikana. Muka sauka gidan ƴarmu Balki da ke aure a can. Layin wurin ba a magana. Ka zo da sassafe ka tarar da mutanen da suka riga ka, ka zauna rana ta bi ta kanka, a ce inji ya yi zafi a dawo gobe. Da aka samu aka yi, mai karanta hoton ya ce bai ga ƙari ba, bai ga jini ba, ƙwaƙwalwa ce irin ta masu shekarunsa. Na yi hamdala har da guɗa ƙasa-ƙasa. Ashe wannan sakamako shi zai zame mini masifa.

Da muka koma Belbeji, Yaya Haruna ya tara mu a tsakar gida. Maigida na zaune a tabarma.

"Injin Nasara ya duba kai bai ga komai ba," in ji Yaya. "Ke nan ba ciwon asibiti ba ne. Aikin hannu ne."

Na ce, "Hannun wa, Yaya?"

"Habsu, ni ban kira suna ba. Amma wa ke kwana yana tashi cikin haɗe-haɗe da hayaƙi a gidan nan? Mutum ya daina magana, ya daina dariya, ya koma sai yadda aka yi da shi. Kowa ya san sunan wannan."

Ya ce daga ranar kada a sake kunna turare a gidan. Ya ce da an gama cire gero zai zo da mota ya tafi da ƙaninsa Gangara, ni kuma in je gidanmu in huta, sai abin da hali ya yi. Kowa ya san irin wannan hutun ba a dawowa daga shi. Na juya na dubi Maigida, ina jiran ya ce wani abu, ko ya ɗaure fuska, ko ya girgiza kai. Amawalin ya ɗan motsa a kan leɓensa, shi ke nan. Zargin Yaya ya yi mini ciwo, amma shirun Maigida ya fi shi ciwo nesa ba kusa ba.

Balki ce ta ƙi yarda. Ta yi ta kiran baffanta a waya tana roƙo, ta ce akwai wata likita a Damagaram da aikinta ke nan, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a gwada ta ko don a fita hakki. Yaya ya yarda, ina jin don kada a ce ya hana. Samun ranar ganinta ma sai da aka jira makonni, don ita kaɗai ce, marasa lafiya kuwa daga ko'ina.

Ranar muka shirya Maigida yadda muka saba, riga, rawani, amawali. Aka kira sunansa, Yaya da mijin Balki suka kama shi ta hammata. Suna isa bakin ƙofa sai na ji muryar mace daga ciki.

"Ku sake shi. Baba zai shigo da ƙafarsa."

"Ai ba ya iyawa, likita," in ji Yaya.

"Rashin iyawar nake so in gani, Alhaji. Ina matarsa?"

Aka nuna ni a kan benci. Ta ce in shigo. Wannan ne karo na farko da na taka ɗakin likita tun da aka fara jinyar nan, har na rasa inda zan ajiye buta.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Balki da yawa ba. Ta tsaya tana kallon Maigida yana jan ƙafa daga ƙofa zuwa kujera, ba ta ce a taimaka masa ba, ba ta kuma kawar da kai ba. Da ya zauna ta ce a fito da hannunsa daga riga, a sauke amawali.

Yaya ya miƙe. "Likita, wannan ba yaro ba ne. A garinmu ba a buɗe huskar dattijo a gaban mata."

Ba ta yi musu da shi ba. Ta durƙusa gaban Maigida ta ce, "Baba, ciwonka a huska nake karanta shi. Ka yarje mini in gani?"

 Hannun Maigida ya ɗauki lokaci kafin ya tashi, yana rawa, ya lalubi bakin amawali, ya ja shi ƙasa da kansa.

Ta duba fuskar. Ta lanƙwasa masa wuyan hannu ta miƙe, ta sa ya riƙa haɗa yatsu biyu yana buɗewa, ta fitar da shi baranda ta ce ya je ya dawo. Sannan ta juyo gare ni.

"Mama, yana jin ƙanshi?"

Kusan in faɗo daga kujera. Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Bayan gida fa, yana wahala? In yana barci yana magana, yana kai duka?"

Duk na ce e. Abubuwan da na daɗe ina gani ban san suna da alaƙa ba, ta jero su kamar a gidanmu take kwana. Ta ce can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke samar da wani sinadari, shi ke sa motsi ya tafi sumul kamar mai a injin niƙa. Ƙwayoyin wurin ne ke mutuwa a hankali, tun shekaru kafin hannu ya fara rawa, kuma sikana ba ta ganin wannan. Maganarta da ta zauna mini ita ce: "Wannan ciwo ido ke ganinsa, ba inji ba." Ta ce sunansa Parkinson. Ta kuma ce ba za ta rantse ba tukuna, don akwai wasu cututtukan ƙwaƙwalwa masu kama da shi da ke ruɗa har likitoci. Maganin da za ta ba da shi ne zai raba gardama: in jiki ya karɓa, to shi ne.

Na tattara ƙarfin hali na yi tambayar da ta kai ni. "Likita, huskar nan fa? Hushi yake yi?"

"A'a, Mama. Naman huskar ne ya yi nauyi kamar yadda ƙafar ta yi. Yana iya yin dariya a ciki, ba ta fitowa ne."

A gaban Yaya, a gaban suruki, na fashe da kuka, kuma ban ji kunya ba.

Yaya ya tambaya ko hayaƙin turare na kawo wannan. Ta ce ba ya kawowa. Amma a mota Yaya ya ce shi dai ya ji suna, bai ga magani ba tukuna. In gero ya shiga rumbu jiki bai canza ba, maganarsa na nan.

Satin farko maganin tashin zuciya kawai ya kawo. Sati na biyu ba labari. Ga shi ba a samunsa a Belbeji, sai Balki ta bi kantunan magani na Damagaram ta ba direba ya kawo. Ina kallon gonaki suna yin fari, ana ɗaure dammuna, gabana na faɗuwa. A sati na uku na kira likitar a lambar da ta ba Balki, na ce maganin nan bai karɓe shi ba.

Ta ce, "Da me yake shan shi?"

Na ce, "Da hura mana, mai nono kauri. A ba marar lafiya ƙwaya ciki wayam?"

Na ji ta yi ƴar dariya. Ta ce nono da nama suna tare wa wannan magani hanya a ciki, in ba shi da ruwa zalla, a ɗan jima sannan ya ci abinci, kuma lokaci ya yi da za a ƙara yawansa kamar yadda ta tsara. Ku ji fa, a ƙasar da in ka ƙi ba majinyaci fura da nono za a ce ba ka da imani.

Na bi maganarta. Abin bai zo rana ɗaya ba. Da farko na lura ya juya a shimfiɗa ban tura shi ba. Bayan kwanaki ya ɗaura agogonsa da kansa. Sai wata hantsi ina tankaɗe a madafa na ji an ce, "Habsu, kawo mini ruwa," daga zaure, da muryar da ta ƙetare tsakar gida gaba ɗaya. Na saki rariya, gari ya watse, kaji suka samu rabonsu. Na kai ruwan a guje, na koma na sake kawo wani ba a tambaye ni ba.

Ranar kasuwar Belbeji da ta biyo bayan girbi, Yaya Haruna ya iso da mota kamar yadda ya ce, da maza biyu na ɗauka. A bayan motar akwai rago da ya saya a kasuwa da safen. Ya yi sallama yana shirin wucewa ɗaki, sai ya tarar da ƙaninsa a tsaye a ƙofar zaure, ba mai riƙe da shi. Maigida ya miƙa masa hannu suka gaisa. Ina laɓe a bayan zana ina kallo.

Maigida ya taka, a hankali amma da ƙafarsa, har bayan motar. Ya kama haɓar ragon ya buɗe bakinsa, ya duba haƙora, ya shafa gadon baya. Sannan ya sauke amawali.

"Yaya, wa ya sayar maka da kakan tumaki?"

Sai dariyar ta fito. Ba ta kai ta da ba, awaki ba su waiwayo ba, amma dariya ce, da haƙora, da idanu, da komai. Ni kam na manta ina laɓe, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Da ya nutsu ya dubi wansa ya ce, "Ranar da ka yi maganar Habsu a tsakar gidan nan, na ji duka. Na ba ka amsa, bakina ne ya ƙi hitar da ita. Ga ta yau: ba inda za ta, ba inda za ni."

 Yaya Haruna mutum ne da bai iya ba da haƙuri da baki ba, kuma ban sa rai ba. Ya ci abinci, ya yi salla, da zai tafi sai ya tsaya daga bakin zana ya yi gyaran murya.

"Habsu, uwar yara ta ce in kina da turare ki ɗan ƙulla mata."

Na ƙulla mata mai yawa, daga mai kyaun.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Maigida ya warke. Bai warke ba, kuma likita ba ta ɓoye mana ba: ciwon na tafiya gaba, maganin riƙe shi yake yi, wata rana sai an ƙara, wata rana zai rage aiki. Akwai yammacin da ƙarfin ƙwayar ke sauka ya sake kafewa a ƙofa. Tsadar magani da nisan Damagaram suna nan, kuma har yau ina jin haushin watannin da muka ɓata da ƙwayar da ta ƙara sandarar da shi. Amma yana zuwa kasuwa ya zauna a inuwa ana kawo masa bisashe yana dubawa, kuma yana gida, ni ma ina gida.

Roƙona ga jama'armu kaɗan ne. In kun kai dattijo wurin likita, ku sake shi ya taka, ku bari a ga fuskarsa da hannunsa, ku bar shi ya amsa da bakinsa ko zai daɗe. Wadda take kwana ɗaki ɗaya da shi ku shigar da ita, kada ku bar ta da buta. In hoto ya ce ba komai, ba shi ne ba ciwo ba, kuma ba shi ne wani ya yi masa ba. Allah ya saka wa likitar nan da alheri, ya yi wa Balki albarka, ya ba duk masu jinya sauƙi.

Hancin dai bai dawo ba, an ce mana da wuya ya dawo. Yanzu maƙwabciyata ke shaƙa mini sabon haɗi, kuma ba ta kai shi iyawa ba. Duk da haka ranar da Yaya ya tafi, da la'asar, na hura gawayi na ɗora turare a kasko, na ajiye kusa da tabarmarsa kamar da. Na ce, "Na san ba ka ji, sabo ne kawai."

Ya bi hayaƙin da ido har ya kai rufin rumfa, sannan ya dube ni, gefen bakinsa ya ɗaga.

"Ba na ji," ya ce. "Amma ina gani, kuma na san don wa aka kunna."